Muhawara: Wasiƙun Sirri ga Misis Pinkham, Taimako Ne ko Cin Amana?

Baban Sadiya:

Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina so in kawo mana wani babi daga tarihin magani a Amurka domin mu tattauna shi da natsuwa, tunda a cikinmu akwai ma'aikatan lafiya da masu ilimin shari'a. Magana ce ta magungunan kwalba da aka riƙa tallatawa a jaridu a ƙarni na 19 da farkon na 20, waɗanda masu su ke ɓoye abin da suka zuba a ciki, da kuma al'adar da ta taso tare da su, ta mutum ya rubuta wa kamfani wasiƙar sirri yana neman shawara kan ciwon da ke damunsa.

Wadda sunanta ya fi fita a wannan harka ita ce Lydia Pinkham, mutuniyar garin Lynn a jihar Massachusetts, wadda aka haifa a 1819. Ta daɗe tana dafa wani haɗi na saiwoyi a ɗakin girkinta tana ba mata maƙwabta kyauta, har karayar tattalin arzikin 1873 ta cinye dukiyar mijinta Isaac. Daga 1875 iyalin suka fara ɗura haɗin a kwalba suna sayarwa dala ɗaya, da sunan Vegetable Compound, a matsayin maganin duk wata lalura ta mata, tun daga ciwon mara lokacin al'ada har zuwa zazzagowar mahaifa da wahalhalun ɗaukewar al'ada. A 1879 suka fara sa hotonta a tallan, dattijuwa mai kamala da furfura, sannan suka haɗa da gayyata: duk macen da ke da damuwa ta rubuto wa Misis Pinkham, za a amsa mata kyauta, kuma mace ce za ta buɗe wasiƙar, mace za ta karanta, mace za ta amsa, babu namijin da zai ɗora ido a kanta.

Lydia Pinkham ta rasu a watan Mayu na 1883, amma gayyatar ba ta tsaya ba. Shekara da shekaru mata suna zama cikin dare bayan yara sun yi barci, suna rubuta abin da ba su taɓa faɗa wa mazajensu ba, suna manna kan sarki na santi 2 suna aikawa Lynn, amsa kuma tana dawowa da sa hannun Misis Pinkham. Sai a 1905 Edward Bok, editan mujallar mata ta Ladies' Home Journal, ya buga tallan kamfanin da ke nuna Misis Pinkham tana can tana aiki a Lynn, a gefensa kuma hoton dutsen kabarinta da ranar rasuwarta a rubuce ɓaro-ɓaro, shekara 22 ke nan da binne ta. Kamfanin ya kare kansa da cewa shi bai ce Lydia ba ce, akwai surukarta Jennie, matar ɗanta Charles, wadda ita ma Misis Pinkham ce, kuma ita ke kula da wasiƙun.

Ra'ayina shi ne, laifin da ya fi girma a wannan labari ba ya cikin kwalbar, yana cikin ambulan. An karɓi sirrin mata da fuskar matacciya, aka mayar da kunyarsu hanyar ciniki. Ina so in ji ko akwai wanda yake ganin abin ta wata fuska.

Hajiya Inna:

Wa alaikumus salam, Malam. Allah ya saka da alheri da ka kawo wannan batu. Ni dai ina ganinsa ta wata fuska, kuma aikin ungozoma da na yi har na yi ritaya shi ya sa. Ban ce ɓoye mutuwarta daidai ba ne, amma kafin mu yanke wa kamfanin hukunci ya kamata mu tambayi kanmu, macen da ta rubuta wasiƙar nan, ina za ta je idan ba ta rubuta ba?

Likitocin wancan zamani kusan dukkansu maza ne. Sai a 1849 aka sami mace ta farko da ta karɓi shaidar likitanci a Amurka, wato Elizabeth Blackwell, kuma bayanta ma mata likitoci sun daɗe suna 'yan ƙalilan. Su kansu mazan da yawansu ba su da wani horo na a zo a gani, domin ko a 1910 da Abraham Flexner ya zagaya makarantun likitanci na Amurka da Kanada, rahotonsa ya nuna cewa da yawa daga cikinsu kasuwanci kawai suke yi. Maganin da suka saba bayarwa ya haɗa da kalomel, wanda sinadarin zaiba ne mai ɓata dasashi da zubar da haƙora, da kuma tsaga jijiya a zubar da jini. Daga 1872 wani likita mai suna Robert Battey ya yaɗa aikin cire wa mace gurbin ƙwanta lafiyayye, wai don a magance ciwon al'ada da firgici, a lokacin da shiga ɗakin tiyata kansa sayar da rai ne. To macen da ta san maƙwabciyarta ta shiga hannun irin waɗannan ba ta dawo ba, idan ta zaɓi kwalbar dala ɗaya da wasiƙa, ba za a ce mata wawuya ba. Hausawa sun ce in ɓera da sata, daddawa ma da wari.

Kuma shawarwarin da Lydia ta riƙa bayarwa lokacin da take da rai ba su da aibu: a ci abinci mai kyau, a motsa jiki, a yi tsafta, a sha iska, a sassauta rigar nan mai matse ƙugu da matansu ke ɗaurawa. Ta kuma yaɗa ƙananan littattafai masu bayanin jikin mace a fili, a zamanin da yarinya kan yi aure ba ta san komai game da jikinta ba. Taken da suka riƙe, cewa mace ce kaɗai ke fahimtar ciwon mace, shi ne abin da mu ma muke cewa, ciwon 'ya mace na 'ya mace ne. Gaskiya ce suka ɗauka suka yi ciniki da ita, amma cinikin bai mayar da ita ƙarya ba.

Baban Walida:

Hajiya, Allah ya ƙara lafiya. Ni a ɓangaren haɗa magunguna nake, don haka ba zan bar Malam ya wanke kwalbar da sauri haka ba. Haɗin Pinkham ya ƙunshi hulba da saiwoyi huɗu, ɗaya daga ciki ita ce wadda suke kira black cohosh, wadda har yanzu ake gwada ta kan zafin jikin da mata ke ji bayan ɗaukewar al'ada, sakamakon gwaje-gwajen kuma bai tsaya a waje ɗaya ba. Wata saiwar da ke ciki, life root, daga baya an gano tana ɗauke da sinadaran da ke cutar da hanta. Abin da ya fi komai aiki a kwalbar kuwa shi ne barasa, kusan kashi 20 cikin 100, wato ta fi giyar inabi ƙarfi. Kamfanin ya ce an zuba ta ne kawai don narkar da saiwoyin da hana su lalacewa, ita Lydia kuma tana cikin masu yaƙi da shan giya, haka ma dubban matan da ke shan cokali-cokali a kullum suna jin jikinsu ya saki suna gode wa saiwoyi.

Duk da haka nata mai sauƙi ne idan aka dubi sauran. Peruna na Dakta Samuel Hartman a Columbus yana da barasa kashi 28, har a 1905 hukumar da ke kula da al'amuran 'yan asalin ƙasar ta hana sayar musu da shi. Hostetter's Bitters ya kai kashi 44. Akwai garin shaƙawa na maganin mura mai ɗauke da koken, wato hodar iblis. Wanda ya fi tayar mini da hankali shi ne Mrs. Winslow's Soothing Syrup, wanda aka fara sayarwa daga jihar Maine wajen tsakiyar ƙarni na 19 don jarirai masu fitar da haƙori. Mofin ne a ciki, wato sinadari mai ƙarfi na kashe zafin ciwo da sa maye. Jariri yana kuka, uwa ta ba shi, ya yi shiru ya yi barci, ita kuma ta yaba wa maganin, ba ta san cewa mofin yana danne numfashi ba, kuma ɗan ƙari kaɗan ya isa barcin ya zarce. Ƙungiyar likitocin Amurka ta saka shi cikin jerin masu kashe jarirai a 1911.

A Ingila ma ƙungiyar likitocinsu ta sa an tantance irin waɗannan magunguna ta buga sakamakon a 1909. Ƙwayoyin Beecham, da ake tallata cewa akwatinsu ya cancanci guinea guda, wato tsabar kuɗin zinariya ta Ingila, aka tarar alo ne da citta da sabulu, kuɗin kayan haɗin bai kai ko kwabo ɗaya na lokacin ba, ana sayar da akwatin fiye da sule.

Autan Gida:

Iyayena da yayyena, ina gaishe ku. Ni ɗalibi ne, kuma abin da ya ɗaure mini kai shi ne yadda aka yi shekaru masu yawa ana sayar wa jarirai mofin a fili ba tare da jaridu sun yi magana ba, hukuma ma ba ta hana ba. Shin babu doka ne sam a lokacin?

Maman Affan:

Auta, tambayarka ta faɗo ɓangarena na shari'a. Kafin 1906 babu dokar tarayya da ta tilasta wa mai magani ya faɗi abin da ke cikin kwalbarsa. Akasarinsu ma ba su yi rajistar haɗin ba, domin rajistar ƙirƙira tana buƙatar a bayyana sirrin, sai suka riƙa rajistar suna da hoto da siffar kwalba kawai.

Jaridu kuwa bakinsu a cike yake. Tallan magani na cikin manyan hanyoyin samun kuɗinsu, musamman ƙananan jaridun karkara. Wani mai kamfani a Toledo, F. J. Cheney, ya ƙirƙiro wani sharaɗi da ake bugawa da jan tawada a takardar yarjejeniyar talla, cewa yarjejeniyar ta rushe idan jihar ta kafa dokar da ta taɓa cinikin magungunan. Da zarar wani ɗan majalisar jiha ya kawo ƙuduri, sai kamfanoni su tuna wa editoci wannan jan layi, editoci kuma su tashi haiƙan su kashe ƙudurin. Wani lauya kuma ɗan jarida, Mark Sullivan, shi ya tono wannan, mujallar Collier's ta buga a 1905. A cikin mujallar dai, daga 7 ga Oktoba 1905, Samuel Hopkins Adams ya fara jerin rubuce-rubucensa da suka girgiza ƙasar, inda ya ƙiyasta cewa Amurkawa na kashe dala miliyan 75 a shekara kan waɗannan magunguna.

Ranar 30 ga Yuni 1906 Shugaba Theodore Roosevelt ya sa hannu a dokar tsaftar abinci da magani, wadda Harvey Wiley, babban masanin sinadarai na ma'aikatar gona, ya daɗe yana fafutuka a kanta. Amma a lura, dokar ba ta hana zuba mofin ko koken ko barasa ba, cewa ta yi kawai a rubuta a jikin kwalba idan suna ciki. Ba ta kuma taɓa tallan jarida ba. A 1911 Kotun Ƙoli ta yanke hukunci a shari'ar wani Dakta Johnson na Kansas City, mai sayar da maganin sankara, cewa dokar ta hana ƙarya kan abin da ke cikin magani ne kawai, ba ta hana ƙarya kan abin da yake warkarwa ba. Majalisa ta yi gyara a 1912, amma ta sa sharaɗin sai an tabbatar da niyyar yaudara, abin da duk lauya ya san wahalarsa, domin wanda ake tuhuma zai rantse cewa shi ya yi imani da maganinsa. Sai da wani ruwan maganin sulfa da aka narkar a sinadarin dayetilin gilaikol mai guba ya kashe mutum fiye da 100 a 1937, da yawansu yara, sannan aka yi dokar 1938 mai tilasta a nuna cewa magani ba ya cutarwa kafin a fitar da shi kasuwa. Tilasta nuna cewa yana aiki kuwa sai 1962.

Baban Sadiya:

Na gode Barista, na gode Malam. Hajiya, na ji hujjarki kuma tana da nauyi, amma ina so in dawo da mu kan ambulan, domin akwai abin da ban faɗa ba tukuna.

Gayyatar a rubuto wasiƙa ba ta Pinkham kaɗai ba ce, ta zama hanyar aiki ta masana'antar gaba ɗaya, kuma ta ƙara bunƙasa bayan 1896, lokacin da gidan waya ya fara kai wasiƙu har ƙofar manoma a karkara kyauta. Abin da Bok da Adams suka bayyana game da yadda ake yi a kamfanoni da yawa shi ne, babu wani likita da ke zaune yana nazarin wasiƙarka. Ma'aikata ne a jere, wani ya farke ambulan ya cire kuɗi, wani ya leƙa ya ga wane irin ciwo ne ya sa alama, mai tafireta kuma ta ɗauko amsar da aka riga aka tsara wa wannan alama ta ƙara sunanka a sama, yadda za ka ɗauka kai kaɗai aka rubuta wa. Kowace amsa kuma tana ƙarewa a waje ɗaya, wato ciwonka ya fi yadda kake zato, ka gaggauta sayen kwalba kaza. Bok ya ruwaito cewa a wasu ofisoshin, wasiƙun da mata suka zuba cikinsu a ciki ana miƙa su daga hannu zuwa hannu ana dariya.

Bayan an tatse mutum, wasiƙar tasa ba ta zama shara ba, haja ce. Akwai dillalai a New York da sana'arsu ke nan, su sayi tsofaffin wasiƙu su ɗaure su dami-dami bisa nau'in ciwo, na lalurar mata daban, na tarin fuka daban, na raunin maza daban, na masu shan mofin daban, sannan su sayar ko su ba da haya ga wani kamfanin. Shi ya sa wanda ya taɓa rubuta wa ɗaya sai ya ga wasiƙu suna ta zuwa masa daga waɗanda bai taɓa jin sunansu ba, kowanne ya san ciwonsa. Mafi muni su ne masu tallan raba mutum da shan mofin ta gidan waya, domin da aka tantance magungunan nasu an tarar da yawa mofin ɗin ne a ciki. Mutum ya tona wa kansa asiri yana neman mafita, aka sayar masa da abin da yake gudu a farashi mai tsada.

Domin adalci, kamfanin Pinkham ya riƙa cewa mata ne kaɗai ke taɓa wasiƙunsa kuma ba ya fitar da su, kuma ba na ɗora masa laifin dillalan. Amma shi ne ya koya wa mata amincewa da wannan hanya, kuma shi da kansa ya gina amincewar kan barin su su zaci abin da ba haka ba ne. Maganar Jennie dabara ce ta lauyoyi. Hoton da ke tallan ba na Jennie ba ne.

Hajiya Inna:

Malam, kan dillalan wasiƙu babu jayayya tsakaninmu, wannan cin amana ne tsagwaronsa, Allah ya kiyaye. Akwai ma abin da ni ya fi damuna da Pinkham fiye da hoton. A tsofaffin tallansu sun rubuta cewa haɗin yana narkar da ƙarin mahaifa ya fitar da shi idan bai yi nisa ba, kuma yana dakatar da alamun sankara. Wannan ita ce ƙaryar da ke kisa, domin tana cinye wa mace lokacin da take da shi.

Na ga irin wannan da idona. An taɓa kawo mana wata baiwar Allah, uwar yara, wadda ta daɗe tana zubar jini ba lokacin al'ada ba. Da muka keɓe na tambaye ta, sai ta buɗe jakarta ta fito da robobi marasa rubutu ɗauke da wani ruwa baƙi-baƙi, ta ce wata mai magani ce take aiko mata a mota, sun saba magana a waya, kuma matar tana da kirki ƙwarai, takan saurare ta ta kwantar mata da hankali. Na ce me ya hana ki zuwa tun farko? Ta sunkuyar da kai ta ce ta taɓa zuwa wani asibiti, aka yi mata tambayar a gaban layi, ana jin komai ta bayan labule, kuma namiji ne zai duba ta, sai ta tashi ta tafi. Lokacin da muka duba, sankarar bakin mahaifa ce kuma ta riga ta yi nisa. Allah ya jiƙanta.

Shi ya sa ba zan janye maganata ba. Mai maganin ta cuce ta, amma mu muka tura ta can. Matan da suka rubuta wa Lynn sun biya dala ɗaya ne don a saurare su ba tare da an kunyata su ba, kuma muddin asibiti bai ba da wannan ba, wani zai sayar da shi.

Baban Walida:

Amin, Hajiya. Kada kuma a ɗauka mata ne kaɗai. A kantin magani nakan ga magidanci ya shigo bayan isha'i, ya tsaya yana duba man goge baki har kowa ya watse, sannan ya matso ya rage murya, wani lokaci ma ya ce wai wani abokinsa ne ke da matsalar. Irin waɗannan su ne suka cika aljihun John Brinkley na garin Milford a Kansas, wanda ya riƙa dasa wa maza yankin marainan bunsuru da sunan dawo da ƙarfi. Ya buɗe gidan rediyonsa a 1923, daga baya ya ƙirƙiro shirin da masu sauraro ke aiko da wasiƙun ciwonsu, ya karanta a iska, ya ce wance ta je ta sayi magani lamba kaza a kantunan da ke cikin ƙungiyarsa, shi kuma yana da kasonsa a kowace kwalba. A 1930 aka ƙwace lasisinsa na likita a Kansas, aka kuma ƙi sabunta na rediyon, sai ya tsallaka iyakar Meziko ya kafa tashar da ta fi ta farko ƙarfi.

Game da abin da Barista ta faɗa na 1937, sinadarin nan bai tsaya a Amurka ba. Shi ne ya gurɓata ruwan farasitamol da ya kashe yara fiye da 100 a Nijeriya a 1990, kafin a kafa hukumar kula da abinci da magunguna ta NAFDAC a 1993. Shi ne kuma aka samu a maganin haƙorin jarirai na My Pikin a 2008, inda yara 84 suka rasu da lalacewar ƙoda, sannan ya sake bayyana a magungunan tari da suka kashe yara kusan 70 a Gambiya a 2022. Fitowar haƙori ba cuta ba ce da ke buƙatar kwalba, amma tun zamanin Winslow ake samun kasuwa a kukan jariri da tausayin uwa.

Maman Affan:

Ina so in ƙara abu biyu don kada mu mayar da 'yan jaridar waliyyai. A 1904 Bok ya buga cewa maganin mata na Dakta R. V. Pierce na Buffalo, wanda shi ma yana da babban sashen ba da shawara ta wasiƙa, yana ɗauke da barasa da ofiyom. Ashe tsohon bincike ne na shekaru da dama ya dogara da shi. Kamfanin ya kai ƙara, aka tantance maganin ba a sami waɗannan abubuwa ba, mujallar ta janye maganar, kotu kuma ta sa ta biya diyyar dala 16,000. Wannan rikicin ne ma ya sa Bok ya ɗauki Sullivan don a riƙa tabbatar da hujja kafin a buga.

Na biyu, gidan waya yana da makaminsa tun dokar zamba ta wasiƙa ta 1872, wato a hana miƙa wa mayaudari wasiƙunsa, a buga musu hatimin zamba a mayar wa masu su. Amma a 1902 wata makarantar warkarwa a garin Nevada na jihar Missouri, wadda ke karɓar kuɗi ta wasiƙa don ta warkar da mutum daga nesa da ƙarfin tunani, ta kai shugaban gidan wayan garin ƙara har Kotun Ƙoli, kotun kuma ta goyi bayanta, bisa hujjar cewa ingancin hanyar warkarwa ra'ayi ne da masana ke saɓani a kai, ba jami'in gidan waya ne zai yanke shi ba. Ina ganin akwai hikima a gudun ba jami'i ɗaya irin wannan iko, amma mayaudara sun daɗe suna fakewa a bayan hukuncin.

Baban Sadiya:

Hajiya, labarin baiwar Allah nan ya taɓa ni ƙwarai, Allah ya gafarta mata. Inda muka rabu shi ne, ke kina raba laifin biyu, ni kuwa ina ganin wanda ya san mutum ba shi da wajen zuwa sannan ya yi amfani da hakan, laifinsa ƙaruwa yake yi. Akwai dai abin da ke goyon bayanki a tarihin iyalin: a 1922 'yar Lydia, Aroline Gove, ta gina asibitin kula da mata da ƙananan yara a garin Salem don tunawa da mahaifiyarta.

Hajiya Inna:

Allah ya saka mata da wannan. A irin wannan wajen dai ana ganin mara lafiya ido da ido, a auna ta, a taɓa cikinta, abin da wasiƙa ba za ta taɓa yi ba komai kirkin mai amsa ta. Kuma ni ban rage wa kamfanin laifi ba, Malam, ƙara wa kanmu na yi, domin namu ne muke da ikon gyarawa. Ƙofar da ke rufuwa da ma'aikaciya mace a ɗakin duba mata ba su fi ƙarfin kowace ƙaramar hukuma ba.

Autan Gida:

Na ƙaru matuƙa, Allah ya ƙara muku ilimi. Tambayata ta ƙarshe ga Baban Walida: shin dokar 1906 ta kashe kamfanin Pinkham ne?

Baban Walida:

Ba ta kashe shi ba, Auta. Dole ta sa suka rubuta yawan barasar a jikin kwalba, daga baya suka rage ta, suka kuma goge manyan iƙirarin irin na narkar da ƙari. Cinikinsu ma sai a shekarun 1920 ya kai ƙololuwa. Iyalin sun riƙe kamfanin duk da rigingimun gado tsakanin zuriyar Charles da ta Aroline, har suka sayar da shi a 1968. Har yanzu ana sayar da wani haɗi da sunanta da hotonta a Amurka, da kayan haɗi da suka bambanta da na asali, a rukunin abubuwan ƙarin gina jiki. Dokar 1994 da ke kula da wannan rukuni ba ta buƙatar a tabbatar da cewa abu yana aiki kafin a sayar da shi. Idan mai shi ya yi iƙirarin cewa yana taimaka wa jiki, sai ya rubuta a kwalbar cewa hukumar abinci da magunguna ba ta tantance iƙirarin ba, kuma ba a yi shi don gano wata cuta ko warkar da ita ko hana ta ba.